Sunan da Na Rubuta a Tafin Hannuna

Ina tsakar gida ina shanya shinkafar masa, ban daɗe da fita takabar Malam ba, sai ga Jummai maƙwabciyata ta shigo da wayar mijinta a hannu. Lokacin wayar hannu ba ta gama gari ba, a layinmu na Misau gidansu kaɗai ke da ita. Ta ce wani ne daga Abuja yake neman uwar ɗana na fari.

Na kara wayar a kunne. Muryar saurayi ce, Hausarsa ba ta nuna sosai ba.

"Mama, sunana Bitrus. Ɗaki ɗaya muke da yaronki a makaranta. Ba na so in tayar miki da hankali, amma ki zo. Ya daina shiga aji, ya daina cin abinci. Ya raba littattafansa, har rediyonsa ya ba ni. Ya ce ya gaji da duniya, wai tun da babansa ya rasu babu sauran mai tambayarsa. Shekaranjiya ya fita, bai dawo ba."

Na ce to. Na ce na gode. Jummai ta kwafe mini lambar a 'yar takarda, na ci gaba da baza shinkafar da hannu, har sai da ta riƙe ni ta ce, "Adda, ƙasa kike bazawa."

Sai na yi bayanin wani abu saboda waɗanda ba su taso a irin gidanmu ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta zama su yi hira. Kunya ce, kuma haka uwata ta yi wa yayana. Da na yaye shi, kakarsa ta ɗauke shi. Ya taso yana kirana Adda kamar yadda ƙannen mijina ke kirana. Ni kuwa in na so magana da shi sai in ce "kai", in kuma zancensa nake yi in ce "yaron nan". Mahaifinsa ne abokin hirarsa. Da ya samu jami'a a Abuja, Malam ne ke zuwa gidan su Jummai duk Juma'a ya kira shi. Ni ina jin labari daga bakin Malam, ina yi kamar tsintar wake ce ta fi damuna.

Da Malam ya rasu, yaron yana tsakiyar jarrabawa. Baffa Sale, ƙanen Malam, ya ce kada a faɗa masa sai ya gama. Ba da mugunta ya yi ba, haka ake yi. Sai wani ɗan garinmu ya gamu da shi a hanya ya yi masa ta'aziyya. Da ya iso gida an riga an yi sadakar bakwai. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina ya gaishe ni, na amsa daga ciki, na ce Allah ya ba mu haƙuri. Ya kwana biyu ya koma. Ko maƙabarta bai je ba.

Da yamma na sami Baffa Sale na gaya masa abin da Bitrus ya ce.

"Ƙuruciya ce da rashin tawakkali," in ji shi. "Wa bai rasa uba ba? In kuɗinsa ya ƙare zai dawo. Ke kuma ina kika san Abuja?"

Na ce ban san ta ba. Washegari na bar ƙananan yaran wajen Goggo, kakarsu, na shiga mota.

Tashar farko Nyanya ce, a bakin Abuja. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba, kuma babu mai kallon wani. Motoci sun cushe, kowa na danna oda, can nesa ana ta gina benaye. Ina sauka wani ya tare ni da Hausa tsantsa, har da "sannu da hanya, Hajiya". Na ce Gwagwalada za ni, inda jami'ar take. Ya ce ai motarsu ce ke lodi, saura mutum ɗaya. Ya karɓi kuɗin mota, ya karɓi jakata ya ce zai sa a but, ya nuna mini wata farar bas ya ce in shiga. Na shiga na zauna. Da aka fara tafiya kwandasta ya miƙo hannu. Na ce na biya. Ya ce, "Ka biya wa? Wannan mota Wuse yake zuwa." Na waiga, babu mutumin, babu jakata. A cikinta akwai kayan sawata, da takardar lambar Bitrus, da dambun naman da na yi wa yaron. Dambun ne ya fi ci mini rai.

Allah ya sa na ƙulle sauran guzurina a bakin zani. Aka sauke ni kusa da wata kasuwa, rana ta yi ƙasa. Na tsaya gaban wani shagon atamfa saboda na ji mai shagon yana karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa. Bakano ne, dattijo. Ya ba ni buta da darduma, ya sa aka sayo mini shinkafa, bai tambaye ni komai ba sai da na ci. Sannan ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema a garin nan?"

Na ce yaro ne, ɗan makaranta.

"Ɗanki ne?"

Na sunkuyar da kai.

Ya yi murmushi. "Na fari ke nan. Haka tsohuwata take, har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. To amma nan Abuja ce, Hajiya. Babu wanda zai gane 'yaron nan'."

Ya miƙo mini biron da yake rubuta ciniki da shi. Na yi firamare, na iya rubutu. Na juya baya na rubuta sunan da na ubansa a tafin hannuna na hagu, na dunƙule. A gidansa na kwana, wajen matarsa, ta ba ni zani da mayafi. Da safe da kansa ya sa ni a motar Gwagwalada, ya ja wa direba kunne.

A ƙofar makarantar masu gadi suka tare ni. Na buɗe musu hannu. Ɗaya ya karanta ya yi dariya ya ce, "Mama, bakinki yana ciwo ne?" Na ce a'a. Suka ce ɗalibai dubbai ne, wane sashe yake? Na tuna Malam yana cewa lissafin kuɗi yake karanta. Aka haɗa ni da wata ɗaliba, ta kai ni wani gini, daga nan aka tura ni wani. Duk inda na je sai in buɗe hannu. Zufa ta fara cinye rubutun, na ari biro na sake bi ta kai. Sai bayan azahar wani ya gane sunan, aka samo mini Bitrus.

Dogo ne siriri, ɗan Filato. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya kai ni ɗakinsu a wata unguwa bayan makaranta. Katifar yaron tana naɗe a jikin bango. Ban da ita babu komai nasa sai hular Malam, wadda ya ɗauko da ya zo ta'aziyya, tana rataye a ƙusa.

"Mun zaga asibiti da wajen 'yan sanda," in ji Bitrus. "Babu shi, kuma wannan ma abin godiya ne. Amma jiya wani ya ce ya gan shi a hanyar Paikon Kore. Da can yana zuwa koya wa yaran ƙauyen lissafi ranar Asabar, su ba shi doya."

Ya so ya raka ni, amma yana da jarrabawa da yammar. Na ce ya je ya yi, uwarsa ma tana jira. Na cire hular daga ƙusa na sa a cikin mayafi.

Paikon Kore ƙauyen manoma ne, Gwarawa, ga kunyoyin doya ko'ina kamar an jera tukwane. Na sauka a bakin kasuwa. Babu wanda na sani. Na ga wata mata mai jiki tana sauke itace daga kafaɗa, don su a kafaɗa suke ɗaukar kaya. Na yi mata sallama, na buɗe mata hannu.

Ta duba hannun, ta dube ni. "Mene wannan? Lalle ne?"

Na ce suna ne.

"Ni ban yi makaranta ba. Faɗa da baki."

Na ce ba na iya faɗa.

"Ka manta sunan?"

Na ce ɗana ne na fari.

Ta riƙe ƙugu. "Ku Hausawa da wahala. Ni yarona na fari, in ban kira sunansa sau goma da safe ba, ba ya tashi. To yaya kamanninsa?"

Na ce dogo ne, baƙi, yana da tabo a gira ta hagu inda ya faɗo daga bishiyar mangwaro. Na ce in yana tunani yana murza kunnensa. Na ce ba ya cin kuɓewa. Ina cikin lissafawa ta ɗaga hannu.

"Ya isa. Teacher ne. Yana bukkar gonan mijina. Na kai masa tuwo da kuɓewa bai taɓa ba, na ce ko raini ne." Ta rage murya. "Yaron ba lafiya, Mama. Ba zazzaɓi ba. Na ce wa mijina kar a bar shi shi kaɗai, shi ya sa kullum akwai mai aiki kusa da shi."

Sunanta Mama Ladi. Ta bar itacenta a wurin ta shige gaba. Muka bi ta cikin gonaki, rana ta fara sanyi. Ban san me na riƙa karantawa a hanyar ba, bakina dai yana motsi.

Yana zaune a kan kututture, ya ba mu baya. Rigar da ke jikinsa ni na saya wa Malam yadinta. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito.

Mama Ladi ta ce, "Teacher, ka yi baƙuwa."

Bai juyo ba.

Na ce, "Kai."

Na ga bayansa ya motsa, ya gane muryar. Amma bai juyo ba. Ya miƙe a hankali, ya fara tafiya, ya nufi inda gonar ta ƙare daji ya fara. Ba gudu yake ba. Tafiya ce irin ta wanda ya riga ya sallami kowa.

Na ce, "Kai, yaron nan."

Ya ci gaba.

Mama Ladi ta dube ni. Na duba tafin hannuna. Zufa ta wanke rubutun, saura shuɗin tawada kawai.

Na ce, "Yunusa."

Muryar ba ta kai gare shi ba. Na sake cewa, da ƙarfi yadda har masu aiki a gonar gaba suka ɗago, "Yunusa, tsaya."

Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye kafin ya juyo. Ya ce, "Adda, ashe kin san sunana."

Na ce, "Ni na zaɓe shi. Babanka ya so a sa maka Haruna, na aika masa ta bakin Goggo cewa Yunusa nake so."

Ya zauna a ƙasa a inda yake. Na je na zauna kusa da shi, abin da ban taɓa yi ba tun yana nono. Mama Ladi ta koma gindin wata bishiya ta juya mana baya.

Ban iya kewaye-kewaye ba. Na ce, "An ce kana so ka mutu. Gaskiya ne?"

Ya ce, "Gaskiya ne." Ya murza kunnensa. "Na san haramun ne, Adda. Shi ya sa na baro ɗakin, ina tsoron kaina. Ina sallah, ina roƙo, amma in gari ya waye sai in ji kamar an ɗora mini dutse. In na buɗe littafi ba na ganin komai. Na faɗi jarrabawa. Baba ya sayar da gonarsa saboda ni, kuma ko gawarsa ban gani ba. Duk Juma'a sai in riƙe waya har magariba. Na san ba zai kira ba, amma sai in riƙe."

Na ce, "Duk Juma'ar da ya kira ka, ni nake tuna masa. In ya dawo sai na sa ya maimaita mini abin da ka ce, har tarin da ka yi."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Na ciro hular na ba shi. Ya kifa fuskarsa a ciki. Na ɗora hannuna a bayansa na bar shi a nan har ya gama kuka.

Da muka tashi na ce, "Ban san maganin wannan abu ba. Amma ba zan koma Misau in bar ka da shi ba."

A gidan Mama Ladi muka kwana. Da safe mijinta ya samo mana mota, Bitrus ya tare mu a Gwagwalada ya kai mu babban asibiti, sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Na ji nauyin shiga wurin, ba zan ɓoye ba. Likitar mace ce, Bazazzagiya, da hijabinta. Ta gana da shi shi kaɗai, ta daɗe, sannan ta kira ni.

"Mama, ɗanki ba mahaukaci ba ne, kuma ba raunin imani ba ne. Ciwon damuwa ne, ciwo kamar hawan jini. Yana da magani, amma yana ɗaukar lokaci. Zai sha ƙwaya, zai riƙa zuwa muna magana. A ci gaba da addu'a, a ci gaba da magani. Wa zai zauna da shi?"

Na ce ni.

"In kin ga ya yi shiru da yawa, ki tambaye shi kai tsaye, kamar yadda ya ce kin yi a gona. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Rashin mai tambaya ne ya fi haɗari."

Suka riƙe shi 'yan kwanaki. Na kira gida ta wayar Bitrus. Baffa Sale ya ce, "Yanzu asibitin mahaukata kika kai ɗan Yaya? In aka ji a gari wa zai ba shi mata?"

Na ce, "Baffan yara, mai rai ake ba mata. Yunusa yana shan magani, kuma yana samun sauƙi."

Ya yi sallama ya ajiye wayar. Ina jin sunan ne ya ba shi mamaki fiye da asibitin. Daga baya ya aiko mana da buhun shinkafa, bai ce komai a kai ba.

Na kama ɗaki ɗaya a unguwar ɗalibai, muka raba shi da labule. Mama Ladi ta ara mini tanda da murhu, ta riƙa kawo mini itace. Na fara soya masa a bakin hanya. Ɗalibai suka gano masar Bauchi ce, da miyar taushe, sai layi. Yarbawa da Ibo suna ce mini "Mama Masa". Na koyi cewa "how many" da "no change". Na yi kewar ƙananan yarana ƙwarai. In na ga 'yan firamare sun taso, sai in juya fuska wajen hayaƙi don a ce shi ne.

Sauƙin bai zo a miƙe ba. Makaranta ta ba shi hutun zango ɗaya. Akwai makon da zai tashi ya ɗebo mini ruwa, ya yi wa Bitrus tsiya a kan ƙwallo. Akwai makon da ba zai fito daga bayan labule ba. Da azumi ya zo, na farko babu Malam, ya daina shan maganin bai gaya mini ba. Na ga ya fara kallon bango. Na ajiye ludayi na ce, "Yunusa, tunanin nan ya dawo?" Ya ce ya dawo. Muka rufe tanda muka tafi asibiti a ranar. Tun daga nan shi da kansa yake faɗa mini kafin in tambaya. Yakan ce, "Adda, yau da nauyi." Sai in ce ya zo ya zauna ya juya mini masa. Ba ya iyawa, yana ƙona rabi, amma yana zaune a inda nake ganinsa.

Ya koma aji. Ya sake jarrabawar da ya faɗi, ya ci. Abokan shigarsa suka riga shi fita da shekara guda, har Bitrus, wanda ya dawo musamman ranar bikin yaye su Yunusa.

Ranar na sa atamfar da Bakanon nan ya ba ni, don na koma na gaishe shi da hankalina ya kwanta. Mama Ladi ta zo da ɗaurin ɗankwali kamar za ta biki. Baffa Sale ma ya zo daga Misau da ƙananan yaran. Muna zaune a ƙarƙashin rumfa aka fara kiran sunaye a lasifika. Da aka kira nasa, da sunan Malam a haɗe, Mama Ladi ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ka ji? Har da lasifika suna faɗa, kuma ba wanda ya mutu."

Na yi dariya har na rufe fuska da mayafi. Ya fito cikin doguwar rigar nan tasu. Da aka watse ya cire hular makarantar mai faɗi, ya sa ta Malam, aka ɗauke mu hoto. A hoton ina tsaye a gefensa, kafaɗata tana taɓa tasa. Goggo ta gani ta ce, "Abuja ta lalata ki." Amma ita ta karɓe hoton ta rataye a ɗakinta.

Yanzu yana aiki a wata ma'aikata a cikin birni, yana zaune a Nyanya, kusa da tashar da aka sace mini jaka. Yana zuwa ganin likitarsa har yanzu, kuma ba ya ɓoyewa. Ni na dawo Misau. Ya saya mini waya. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ni nake kira, kuma da sunansa nake farawa. Matan unguwa sun yi surutu sun gaji. Wata ma ta zo a ɓoye ta tambaye ni sunan asibitin, saboda 'yarta da ke karatu a Bauchi.

Yunusa ya zo gida sau da dama. Duk zuwa Baffa Sale yakan ce ya zo ya raka shi maƙabarta ya nuna masa inda Malam yake. Shi kuwa yaron yakan ce to, wani zuwan. Na tambayi likita, ta ce kada a matsa masa. Baffa Sale yana zuwa yana gyara alamar da ya kafa don kada ta ɓace.

Har yau Yunusa bai je kabarin mahaifinsa ba.